Motar Da Za Ta Kai Innarka Arfa

Rusaifa, Makka
Watan Safar

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka sauka Jidda lafiya, ka iske Baffanka Sale da iyalinsa ƙalau. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya maido mana da kai a kan ƙafafunka.

Za ka tsinci takardar nan a ƙasan jakar kayan aiki, naɗe cikin tsohuwar jallabiyata, tare da ƙaramar guduma da wata igiya mai ƙulle-ƙulle. Da ajami na rubuta. Na san Larabci ya fi gudu a idonka, to ka yi haƙuri ka bi ta a hankali, don maganar da ke ciki ta ƙi fito mini da Larabci. Da baki ma ta ƙi. Sau uku ina kiran ka gefe a warsha, wato garejinmu, in buɗe baki, sai in ji kaina ina cewa ka miƙo mini sifana.

Ka tafi Jidda ne ka sayo matacciyar mota da inji, ka ɗora musu bodin katakon da kafinta ya yi maka a unguwar Zahir, ka haɗa motarka ta farko. Wannan bai dame ni ba, ɗan bakanike ne kai, da baƙin mai a farce ka tashi. Abin da ya hana ni sakat shi ne alkawarin da ka yi wa Innarka, cewa bana a motar da ka haɗa da hannunka za ta hau Arfa. Ka faɗa kana dariya, bakinka cike da burodi. Ita kuwa ta dube ka ta ce, “To.” Ba ka san nauyin wannan “To” ɗin ba. Shekara goma sha biyu rabonta da Arfa, ga ta zaune a Makka, kuma ba ciwon gwiwa kaɗai ya hana ta ba.

Baƙin ƙarfen nan na ƙofar warsha, wanda kake zama a kai kana shan shayi, gangar injin motata ta farko ce. Ka taɓa tambayata me ya sa ban ba masu sayen tsohon ƙarfe ba, na ce yana da daɗin zama. Ƙarya na yi maka. In ka dawo ka juya shi, za ka ga tsaga daga sama har ƙasa. Yadda aka yi tsagar nan zan gaya maka, tun daga ranar da na sayi motar, don ba rana ɗaya na yi kuskuren ba. Tara shi na yi kaɗan-kaɗan.

A lokacin kana da shekara takwas. Ina aiki ƙarƙashin Usta, wani tsohon Baturke mai warsha a Zahir, wanda ya koya mini rabin abin da na sani, sauran rabin kuwa wahala ta koya mini. Sai saƙo ya zo cewa kakanka, mahaifin Innarka, ya iso bakin teku a Sudan, yana jiran jirgin da zai ƙetare da shi. Sunansa kake ɗauke da shi, shi ya sa ba ka taɓa jin Innarka ta kira sunanka na yanka ba. Shekara tara Malam ya yi a hanya daga ƙauyenmu na ƙasar Kano. Ya yi tafiya, guzuri ya ƙare, ya tsaya ya tsinci auduga a gonakin mutane, ya sake ɗaukar sandarsa. Na ce a raina, tsohon nan ya gama tafiyar ƙasa. Daga Makka zuwa Arfa a mota zai je, kuma motar surukinsa. Ba zan ɓoye maka ba, rabi don shi na yi, rabi don a ce Idi ya yi.

Shawwal ya riga ya kama, saura wata biyu a hau Arfa. Kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ma na sani, har ina gaya wa wasu.

Wata Juma'a bayan an sauko, ina sanye da fararen kaya, wani dillali ya tare ni. Ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Da ya ji Hausata sai ya riƙe mini hannu.

Ya ce, “Kai ba ɗan Maƙera ba ne, na bayan kasuwa? Ai na ci tuwo a gidanku. Mahaifinka shi ya ƙera mini fartanyata ta farko.”

Shekara nawa ban ji wanda ya ambaci mahaifina ba. Ya ja ni wani fili, ya nuna mini wata koriyar mota mai ƙyalli, ya ce ta wani attajiri ce, injin ne kawai ya mutu, sauran jikinta amarya. Na zagaya ta sau biyu, na fara naɗe hannun riga zan kwanta in leƙa ƙarƙashi.

Ya ce, “Haba ɗana, da kayan Juma'a? Ni da furfurata zan cuce ka, a gaban Ɗakin Allah?”

Kunya ta kama ni, na miƙe. Da Balarabe ne ko Ba'indiye ya faɗa mini haka, wallahi da sai na shiga ƙarƙashin na fito. Amma ɗan garinmu ne, ya san ubana. Sai da muka ja ta zuwa warsha na cire kujera, na ga busasshen taɓo a ƙasa. Na ɓalle murfin ƙofa, taɓo ya zubo. Har cikin fitilu akwai shi. Ambaliya ce ta ci motar a wani kwari, aka wanke ta aka shafa fenti.

Don haka na sa maka tsohuwar jallabiyar. Duk ranar da za ka duba mota, ita za ka sa, don kada wani ya ji tausayin kayanka. In mai sayarwa Bahaushe ne kuma babba, ka gaishe shi yadda aka koya maka, ka durƙusa har ƙasa. To tun da ka riga ka durƙusa, sai ka ƙarasa ƙarƙashin motar. Wanda ya fara lissafa maka dangi kafin ya buɗe maka gaban mota, ka ƙara duba wurin da ya tsaya ya kare da jikinsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin dubawa, har tabarma zai shimfiɗa maka.

Gudumar kuwa ta ƙwanƙwasa ce. Ka bi ƙarfen ƙasa taki ɗaya ɗaya, daga gaba har baya, kana bugawa kana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsawo. Wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ka ji dum, ya yi shiru. Jidda ba Makka ba ce, iskar teku tana cin mota ta ƙasa alhali samanta na ƙyalli. Inda ka ga sabon baƙin fenti a ƙarƙashi, ka kankare da farce, sau da yawa walda ce aka rufe. Ka sa hanci a cikin kujera. Warin ruwan ambaliya ba ya fita ko an yi shekara ana turare.

Abu na biyu ya fi na farko wauta, don shi an gaya mini. Ka san malamanmu na gida, a wurinsu namiji mai harami ba ya tafiya ƙarƙashin rufin da ke tafiya tare da shi. Malam kuwa mutum ne da ba ya wasa da abin da ya karanta. Na san ba zai shiga mota mai rufi ba. Sai na ɗauko zarto. Usta ya zo ya tsaya a kaina, ya buga rufin da tafin hannu.

Ya ce, “Ya Idrisu, wannan irin ba ta da shasi daban. Bodinta shi ne ƙashinta. Ka yanke wannan, ka yanke mata gadon baya.”

Na ce, “Ɗayyib, ya Usta. To, na ji.”

Na jira ya tafi Ɗa'ifa ganin 'yarsa kwana biyu, na yanke. Da ya dawo ya ga aikin, bai yi faɗa ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya tura ta ta ƙi rufuwa, ya sake turawa ta ƙi. Ya dube ni, ya tafi ya yi alwala. Da igiya na riƙa ɗaure ƙofofin, ina ce wa mutane ai haka ya fi shan iska.

Kai ba motar attajiri za ka nema ba. Ka nemi irin ta ɗaukar kaya, wadda ke da shasinta daban, dogayen ƙarafa biyu da 'yan gicciye kamar tsani. Irin wannan ko ka cire mata bodi gaba ɗaya tana nan tsaye. Kada muninta ya dame ka. Na san ka da son abu mai kyan gani, na ga yadda ka sa kafinta ya zana furanni a jikin katako tun kafin ka sami tayar da za ta ɗauke shi. Ka ɗinka riga ba ka ga mai sawa ba. To shi ke nan, an riga an yi. Igiyar da na sa maka awon bodin nan ne: daga kai zuwa ƙulli na farko faɗinsa, zuwa ƙulli na biyu tsawonsa, na uku kuma inda tayoyin baya za su faɗo. Ka shimfiɗa ta a kan duk shasin da ka yi sha'awa. In awo ya saɓa da kaɗan, katako za ka yanke, ba ƙarfe ba. Kada wani mai walda ya ce maka zai rage shasi ya haɗa ba a gane ba. A fili ba a ganewa, a kan hanya ake ganewa.

Kuma ka sa a yi maka sanduna huɗu masu cirewa, da tamfol da zai rufe rabin baya. Maza su zauna a buɗe in sun ga dama. Mata ba wanda ya hana su inuwa. Ni ban yi wannan tunanin ba, na haɗa kowa da kowa na shanya a rana.

Yanzu maganar inji. Na motar, ruwa ya kashe shi, sai na tafi haraj, kasuwar gwanjo, neman wani. Na iske wani mutum ya ɗora inji a kan katako, yana ta aiki lafiya lau, sautinsa kamar kyanwa na barci. Na babbar mota ne, ya fi wanda na cire girma. Na ce madalla, ga ƙarfi. Ban tambayi kaina me ya sa ya tayar da shi tun kafin mai saye ya zo ba. Na kawo shi na cusa, na haɗa shi da ƙaramin lagireton motar, wanda rabin hanyoyin ruwansa taɓo ya toshe. Na ɗauraye shi sau ɗaya, na ga ruwa na fita, na ce ya isa.

In Allah ya ba ka sa'a, ka sayi mota da injinta tare, waɗanda suka saba da juna. Wadda aka buga ta baya ko ta kife ta gefe ta fi wadda ta mutu a tsaye. Ta farko ka san abin da ya kashe ta, ta biyu kuwa mai ita kaɗai ya sani, kuma ba zai faɗa ba. In dole sai ka sayi inji daban, ka yi sammako ka riga mai shi zuwa. Ka ɗora tafin hannu a kai. In ka ji ɗumi, ka ce masa sai gobe, ka tafi. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa, da ya ɗau zafi sai ya ɓoye.

Ka zaro sandar baƙin mai ka duba. In ka gan shi kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka ƙara ɓata lokacinka. Ka buɗe murfin lagireto tun yana sanyi, sannan ka tayar da injin da kanka, ka leƙa ruwan. In yana ta fitar da kumfa, akwai tsaga a ciki. Ka zagaya ka ga hayaƙi. Baƙi ba komai, kafireta ce, aikin yini guda. Shuɗi mai yake ci, zai ci maka aljihu amma zai kai ka. Fari wanda ba ya ɗaukewa, shi ne za ka guje wa. Ka cire fulogai ɗaya bayan ɗaya ka jera su a kan tsumma, in ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa ka tambayi dalili. Sannan ka dafa dogon sukurdireba a jikin inji, ka sa ƙotar a kunne yadda na nuna maka. Ƙaramar ƙara ta sama gyara ce. Bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa, ka yi masa sallama.

Lagireto kuwa kada ka yi masa rowa. Ka sa wanda ya fi ƙarfin injin, ba wanda injin ya fi ƙarfinsa ba. Ka kai shi a buɗe shi sama da ƙasa, a zura ƙarfe a kowace hanya kana tsaye kana kallo.

Akwai 'yan abubuwa biyu da ban yi kuskure a kansu ba, don ban kai ga yin su ba. Kafin ka sayi komai, ka ɓata safiya guda a bakin hanyar Makka, ka zauna ka ga wace irin mota ce ta fi wucewa. Ita za ka saya. Duk inda ta lalace za ka sami fanbel ɗinta ko a hannun mai shayi. Baƙuwar mota kuwa, ƙusa ɗaya sai ta zaunar da kai wata uku kana jiran jirgi. Na biyu, takarda. Ka goge lambar da ke jikin shasi da wadda ke jikin inji, ka gwada su da abin da ke rubuce a istimara, takardar motar, harafi harafi. Kai an haife ka a nan, kana da takardunka, ba kamar mu ba da muka yi shekaru muna bin lungu. Ka sa komai da sunanka, a gaban Baffanka.

Gwaji shi ne na ƙarshe a cikin wautata kafin tafiya. Na gama ɗaure inji ana gobe za a fita Mina. Bayan sallar asuba, gari da sanyi, na shiga ni kaɗai na zagaya Zahir sau biyu. Ta yi gudu, iska na bugun fuskata, na dawo ina ji kamar ni na ƙirƙiro mota. Hanyar Arfa kuwa ba gudu ake yi ba, rarrafe ake yi, da kaya, da tsakar rana.

Ga yadda ranar ta kasance. A shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa a tsakiyar zafi. Malam ya iso da kwana goma, ya rame, ƙafafunsa duk kaushi, amma idonsa garau. Ya ɗauke ka ya ɗora a cinya, ya ce ashe takwaransa ya riga shi zuwa Makka. Ranar fita Mina birki ya ba ni matsala, na ce mu kwana a gida, gobe mota za ta kai mu cikin sa'a guda. Malam bai so ba. Ya ce shi da a bar shi ya bi mutane da ƙafa, ya saba. Na ce, “Haba Baba, kana da ɗa mai mota?” Ya haƙura, don kada ya kunyata ni. Mun bar ka wurin maƙwabta kana fama da ƙyanda.

Sai da hantsi ya ɗaga muka tashi. Mu goma sha ɗaya ne, da salkunan ruwa biyu. Tun kafin mu bar gari cikin motar ya lotsa, abin da Usta ya faɗa. Tana jan ƙasa, inji yana aikin biyu. Mun wuce Mina, mun wuce Muzdalifa, sai tururi ya taso. Na tsaya na buɗe, lagireto ya bushe.

Abba, a nan ne na yi wanda ya fi duka. Da na ce kowa ya sauka, mu ɗauki ruwanmu mu taka a hankali, da mun isa. Amma mutum goma suna kallona, cikinsu har da surukina. Na ɗauko salka ta farko na juye mata. Muka yi 'yar tafiya, ta sake tafasa. Na juye ta biyu. Wani daga baya ya ce, “Malam Idi, ruwan shanmu ke nan fa.” Na ce saura kaɗan, a Arfa akwai ruwa. Da ta tsaya karo na uku ba sauran komai sai butar Malam, wadda ya taho da ita tun daga gida. Ya miƙo mini.

Ya ce, “Ungo, zuba mata. Ita ma ƙishirwa take ji, baiwar Allah.”

Na karɓa. Na zuba ruwan a cikin inji mai zafi kamar wuta, na ji ƙara ɗaya, tas. Tsagar da ke jikin kujerarka ke nan.

Muka sauka. Motocin da ke wucewa kaɗan ne a wannan lokaci, kuma kowace cike take har kan ƙofa. Masu ƙarfi suka yi gaba neman ruwa. Malam ya taka da sandarsa yana Labbaika, kansa a buɗe, tun safe rana ke dukansa a motar da na cire wa rufi. Bai yi nisa ba ya zauna. Na goya shi. Innarka tana biye da mu, ta ware mayafi tana yi masa inuwa ta gefe, yana ture shi da hannu kada ya taɓa masa kai. Ina jin Labbaikarsa a bayan kunnena, tana raguwa. Wani Balaraben ƙauye ya tsaya ya ba mu ruwa a kwano, muka jiƙa masa leɓe, muka ci gaba. Har mun fara hango fararen tantuna, da ginshiƙan da ke nuna iyakar Arfa. Ina cewa, “Baba, ga ta can, mun iso.” Na faɗa ya fi sau goma.

Sai Innarka ta dafa mini kafaɗa. Ta ce mini, “Sauke shi. Ya riga mu.”

Tsakaninmu da ginshiƙan nan bai fi daga gidanmu zuwa masallacin unguwa ba.

Malamai sun zo mana gaisuwa, suka ce wanda ya rasu da harami za a tashe shi yana Labbaika, ya yi dace. Na yarda da wannan, ban taɓa shakka ba. Na san kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Amma mutum ya yi shekara tara yana tafiya da ƙafarsa bai faɗi ba, sai da ya shiga motata. Wannan ina ɗauke da shi, kuma yana yi mini ciwo har yau. Kai aka ce maka zafi ne ya kashe kakanka. Gaskiya ne, zafi ne. Sauran gaskiyar ita ce na rubuta maka.

Innarka ba ta taɓa ce mini uffan a kan wannan ba. Ko sau ɗaya, ko cikin faɗa, kuma ka san mun yi faɗa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da kawai ta yi, duk shekara in an fita Arfa sai ta ce ita za ta zauna ta kula da yaran maƙwabta. Ni kuma ka ga da ƙafa nake zuwa, kuna yi mini dariya kai da abokanka, wai bakanike mai tsoron mota. Na gyara motocin mutane ba iyaka tun daga lokacin, amma ban sake haɗa tawa ba.

Shekaranjiya, bayan ka fita sallama da abokanka, na same ta ta fito da wani farin yadi daga ƙasan akwati tana aunawa a jikinta. Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, yaron nan ya iya?”

Na ce, “Zai iya.”

Ta ce, “To shi ke nan,” ta ci gaba da awonta.

Ka ga ke nan na sa bakina. Don haka ga sharaɗina, kuma ba na neman shawararka a kai. Kana da wata tara, ka fi ni da bakwai. In ka gama, ka kawo ta Makka kafin azumi. Za mu cika buhuna da yashi daidai nauyin mutanen da za ta ɗauka, mu ƙara biyu. Za mu fita da azahar, ba da asuba ba, ka sa giya ɗaya mu rarrafa daga nan har Arfa mu dawo, kana tsayawa kana tashi. Sau uku, a rana uku. Ni zan zauna a baya kan buhunan. In ta yi tururi ko sau ɗaya, mu sauke inji mu sake. In Shawwal ya kama ba ta ci wannan gwaji ba, sai baɗi, kuma ni zan gaya wa Innarka, ba kai ba. Ranar tafiya kuma za ka ɗauki ruwan mota daban a garwa mai warin fetur, wadda ba mai iya sha, ruwan mutane daban. Ko za ta ƙone ƙurmus a gabanka, ba za ka taɓa na mutane ba.

Kada ka ɗauka ina hana ka ne. Na ji daɗi da ka ce za ka yi, har na rasa inda zan sa fuskata. Hannunka ya fi nawa sanyi, kunnenka ya fi nawa jin inji. Girman kai ne nake ji maka tsoro, don na san gidan da ka samo shi.

A wancan karon ina da ƙarfina, na goya kakanka daga bayan Muzdalifa har muka hango tantuna. Yanzu ka ga yadda bayana ya koma, buhun gawayi ma sai ka kama mini. Innarka kuma gwiwoyinta ba za su kai ta ko bakin titi ba. In motarka ta tsaya a hanyar nan, ba ni da bayan da zan goya ta. Ka tuna da wannan duk lokacin da ka ji kunyar kwanciya a ƙarƙashin motar wani.

Ka gaishe da Baffanka da mutan gidansa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci kafin ka shiga haraj, mai yunwa ba ya ciniki. Allah ya haɗa ka da masu gaskiya, ya tsare hannunka daga ƙarfe da wuta, ya kai ka ya dawo da kai lafiya. Allah ya jiƙan mai sunanka, ya sa bana 'yarsa ta ƙarasa masa 'yar tafiyar da ta rage.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi Bakanike